Karkataccen Madubin Shu'aibu Mai Ƙaro

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar Shu'aibu da hantsi ya san abin da zan faɗa. Za ka yi sallama ka ji shiru. Ka sake, shiru. In ka leƙa sai ka gan shi a gaban teburinsa, fanka a kashe, gumi na bin gemunsa, ya riƙe numfashi kamar mai nutso a kogi. Matsefatar cire ƙaya ce a hannunsa, ya cusa ta cikin wata 'yar mota da tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Madubin ciki yake mannawa a jikin gilashin gaba, madubin kuwa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sai ya ƙirga ɗari a zuci, ya zare hannu a hankali, sannan ya juyo ya fara amsa sallamomin da suka taru, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa alaikumus salam, Ilu. Wa alaikumus salam, mai ruwa."

In ce, "Mai ruwa ai ya kai kasuwar Gudu tuni."

Ya ce, "Mala'ikunsa sun ji. Sallama ba fura ba ce, ba ta tsami."

Ni ne Ilun. Masinja na yi a ma'aikatar da Shu'aibu ya yi direba, kuma tun kafin mu yi ritaya ɗakina ke kallon nasa a gidan hayarmu na Gudu, nan Abuja. A aji huɗu na firamare na tsaya, saboda na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, don haka bawana ne tun kaka da kakanni, ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, yana raye ko yana kwance. Ba don in yabe shi na ɗauki biro ba. Na ɗauka ne saboda maganar da ke yawo a majalisarmu ta gindin mangwaro tun ranar sadakar bakwai. Wai Allah sarki Shu'aibu, a ƙarshe hannu ya ci amanarsa, madubin motar ƙarshe a karkace ya manna shi. Na ji wannan magana daga bakin mutum uku, dukansu ko zare ba sa iya sa wa allura. To ku gyara zama.

Asalin abin, wani maigadi abokinsa a Maitama ne ya kawo masa kwali bayan ya yi ritaya. Baturen gidan zai koma ƙasarsu, ya zubar da tarkace, a ciki har da ƙananan motocin roba da ba a haɗa ba, kowace gaɓa daban, taya daban, kujera daban, sitiyari kamar zoben jariri. Maigadin ya ce a ba yaran unguwa su yi wasa. Shu'aibu ya zazzage kwalin a tabarma, ya yi musu kallon da mahauci ke yi wa sa, ya ce yara ba su yi laifin komai ba da za a ba su aikin manya. Daga ranar ya ɗauki alwashi: duk motar da ya taɓa tuƙawa a rayuwarsa sai ya gina ta. Goma sha ɗaya ne. A-kori-kurar da ya koyi tuƙi da ita, farar bas ta ma'aikata, motar ɗaukar fayil, haka dai har zuwa baƙar motar oga. Wadda bai samu irinta a gwanjon Gudu ba sai ya sayi mai kama da ita, ya yi ta gurzawa da zarto har ta amsa sunan da ya ba ta. Gilashi yakan yanko daga farar robar da ake sa wa wuyan sabuwar riga. Madubi kuwa daga tsohon faifan sidi, kuma yana nuna mutum da gaske, in dai mutumin zai yarda ya ga ido ɗaya kawai.

Na ce masa, "Kanawa dai ba ku da aikin yi. Wa zai leƙa ciki ya ga ko akwai madubi?"

Ya ce, "Motar da ba madubi akwati ce. Direban da bai san abin da ke bayansa ba kuwa fasinja ne da ya zauna a kujerar da ba tasa ba."

Wannan magana na ji ta ta fi sau dubu. A wajen ɗaurin aure ma ya taɓa faɗa wa ango ita, har yau ba a san me yake nufi ba.

Shi da madubi tsohuwar rigima ce. Tun muna aiki, madubin baƙar motar oga kullum a sunkuye yake, yana kallon ƙasa kamar sabuwar suruka. Ogan, wani babban sakatare mai ƙaton gida a Maitama, ya yi magana har ya gaji, a ƙarshe ya sa aka ba Shu'aibu takardar tuhuma. Ni na rubuta masa amsa da Turanci, Turancin da aka ce har sashen shari'a sai da aka kai shi a fassara. Da amsar ba ta gamsar ba, oga ya kira shi ofis, ina tsaye da fayil a hannu.

"Shu'aibu, me ya sa madubin nan ba ya kallon hanya?"

"Ranka ya daɗe, ka taɓa jin an buge mu ta baya?"

"A'a."

"Ka taɓa jin na bugi wani da ribas?"

"A'a."

"To madubin yana aikinsa."

Oga ya cire tabarau. "Ni dai faɗa mini, me kake kallo a ƙasa?"

"Takalminka, ranka ya daɗe. Mai kyau ne."

Oga ya kore mu duka biyun, har ni da ban ce komai ba. Madubi kuma bai ɗago ba har muka bar aiki. Ku riƙe wannan, zan neme shi a hannunku.

Yanzu maganar gam. Duk duniya in abu ya ɓalle sufa ake ɗiga masa, gam ɗin nan na 'yar kwalba mai haɗe yatsu. Shu'aibu ya haramta shi a ɗakinsa. Da ƙaro yake aiki, ƙaron nan na jikin itace da malamai ke sa wa tawada. Ya jiƙa shi a murfin kwalba, ya tace da tsumma, ya ɗauki ɗigo da tsinken sakace. Ya ce ƙaro in ya bushe ba ya barin tabo a gilashi, sufa kuwa makantar da mota yake yi. Na ɗauka ƙauyanci ne irin na Kanawa, sai da na gwada.

Wata rana ya tafi tantance 'yan fansho, ya bar mini makulli. Na shiga ɗaukar buta, na ga madubin farar bas ya faɗo kan kujera. Tausayi ya kama ni, na ce bari in taimaki bawana. Na karɓo sufa a shago, na cire rufin motar, na dafe gilashi da babban yatsa, na ɗiga ɗigo ɗaya tak, na manna, na mayar da rufi. Wallahi ya zauna daram. Na koma ɗaki ina jin kaina injiniya. Kafin la'asar na leƙo in sake yaba aikina, na tarar gilashin ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ba wannan ne abin takaici ba. A tsakiyar farin nan ga zanen babban yatsana ya fito raɗau, layi-layi, har da tabon da wuƙar buɗe ambulan ta yi mini.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗauki motar ya fito tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya kawo babban yatsa. Matar mai shayi ta miƙa, ya duba ya sallame ta. Sunday kafinta, da ke da shago a ƙofar gida, ya miƙa yana dariya. Ni kuwa na ce ina da alwala.

"Alwala ba ta karyewa da duba yatsa, Bazazzagi. Kawo."

Na miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Ya dubi yatsa, ya dubi gilashi, ya jinjina kai. Ya ce, "Shekara nawa kana dangwala wa gwamnati yatsa ba ta gane ka ba, yau bas ta gane ka."

Na ce ya canza gilashin mana, robar wuyan riga ce. Ya ce a'a, shaida ba a taɓa ta. Ya yanki kwali ya rubuta da jan biro, Hatsarin Bazazzagi, Babu Wanda Ya Tsira, ya jingina a gaban motar. Duk baƙon da ya shigo ɗakin, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa yatsana. Daga ranar aka kafa mini doka: in kalla, kada in taɓa.

Amma kada ku ɗauka ƙaron nasa waliyyi ne. Ƙaro ɗan Arewa ne, bai san damina irin ta Abuja ba. Da zarar ruwa ya zauna, laima ta shiga ɗaki, sai ya yi laushi, madubai su fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan kanya. Muna zaune muna hira sai ka ji ɗan ƙaramin ƙas, Shu'aibu ya ce, "Motar fayil ce," ko waiwayawa bai yi ba. Wanda laima ta bari kuma kiyashi su zo su lashe. Da idona na ga layin kiyashi sun shiga a-kori-kura ta tagar direba sun fita ta ta fasinja. Sai ya sa ƙafafun kantar da yake jera motocin a cikin gwangwanayen ruwa, ɗaki ya koma kamar wurin shayar da kaji. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, ya buɗe motocin nan duka ya sake manna musu madubi.

Sunday ya gaji da gani, wata rana ya shigo da farin gam ɗinsa na katako a murfin kwalba. Ya ce, "Baba, gwada wannan. In ta bushe ba ka ganin ta, kamar ruwa. Kiyashi ba ya ci, damina ba ya cire. Wannan ƙaro naka ba ta da ƙarfi."

Shu'aibu ya dube shi sama da ƙasa. "Abin da ya riƙe karatu a jikin allo tun zamanin kakanni, shi ne zai kasa riƙe madubi?"

Sunday ya sosa ƙeya. "Amma Baba, allo ai ana wanke ta."

Na faɗi daga kan benci don dariya. Na ce yau Bakano ya gamu da gamonsa. Shu'aibu ya bari na gama, sannan ya dubi Sunday ya ce, "Kai ma za a wanke ka. Ɗauki kokonka ka fita."

Na tambaye shi daga baya, tsakani da Allah, bai gaji da manna abu ɗaya duk shekara ba? Ya ce motar da ba ta zuwa sabis ba mota ba ce, hoto ce.

Haka muka tafi har mota goma suka jeru a kanta. Saura ɗaya, baƙar motar oga, ita ya bari ta ƙarshe. A nan ne hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba a riga, ya ce kofin ne ya tsufa. Da abin ya kai cokali na kaɗa kwano kamar kalangu, 'yarsa ta zo ta ɗauke mu zuwa asibiti a Gwagwalada.

Wannan 'ya ita kaɗai Allah ya ba shi. Safiya sunanta, sunan mahaifiyarsa ne, don haka Ummi yake ce mata, mu ma muka bi. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara biyar, shi ya raine ta. Yanzu mataimakiyar darakta ce a wata hukuma, in tana tafe masinjoji na miƙewa. Ni kuwa ba na miƙewa, domin na san lokacin da muke ɓoye ta a motar gwamnati kamar kayan fasa ƙwauri. Doka ta hana direba ɗaukar iyalinsa, makarantarta kuma tana kan hanyar Maitama. Kullum da safe kafin a ɗauko oga sai ya zaunar da ita a ƙasa tsakanin kujeru, da shuɗin kwanon abincinta a cinya, ya ce kada ta ɗago kai. Ni ina gaba ina gyangyaɗi, wai ni ne mai duba hanya.

Likitan yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, miƙa hannunka." Ya ɗora masa takarda a bayan hannu. Takarda ta kama rawa.

Shu'aibu ya ce, "Likita, takardarka ce ke tsoro na."

Likita ya yi murmushi, ya ce za a ba da magani ya rage, amma gaskiya ciwon ba ya komawa baya, gaba yake yi, kuma bai kamata ya zauna shi kaɗai ba.

"Shekara talatin ina riƙe da sitiyari, rabinsu a hanyar da ba kwalta. Jijjigar ce take fita. In ta gama fita za ta tsaya."

A hanyar dawowa Ummi ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, ranar Asabar za ta turo mota. Muka shigo gari. Sannan ya ce, "Ummi, saura mota ɗaya. Ranar da madubinta ya zauna, da hannun nan, ki turo. Kafin nan ko hukumar rusau kika kawo sai dai ta rushe da ni."

"Baba, akwai wani a ofishinmu da ke haɗa ƙananan gidaje na nuni. Minti biyar zai manna maka."

"Ya taɓa tuƙa motar?"

"A'a."

"To ya ci gaba da gidajensa."

Ta juyo wajena. "Baba Ilu, ka yi masa magana mana."

Na ce, "'Yata, ni da aka hana taɓa roba, ni zan taɓa zuciyar Bakano?"

Jikin motar bai ba shi wahala sosai ba, gaɓoɓin manya ne, hannun hagu na taimako. Wani yammaci na same shi yana ta gurza wani shuɗin dutsen ado da ya tsinta a tsakar gida, ya mai da shi kamar ƙwayar gero. Na ce wannan kuma wane sashe ne na inji? Ya ce sashen ba ruwanka. Madubi ne ya zama yaƙi. Da ya kawo matsefata kusa da gilashi sai hannu ya kwashe, madubi ya yi tsalle. In rarrafa ƙarƙashin tebur da tocila, ni da gwiwoyina masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wata rana muka neme shi tun hantsi ba mu gani ba, muka haƙura muka tafi azahar. Ana sallamewa na ga wani abu na ƙyalli a gemunsa. Na miƙa hannu, ya buge ni.

"Doka ba ta tashi a masallaci. Nuna mini da baki."

Ya gwada duk dabarar da ke duniya. Ya kafa gwiwar hannu a kwanon yashi. Ya ɗaure tsintsiyar hannu a jikin bulo da tsohon rawani. Ya daina shan shayi da safe, ya ce shi ke zuga hannun. Gilashi uku ya ɓata da ƙaro ya yanko sabo, har sai da na sayi rigar da ba na buƙata don a sami roba. Sati uku muna wannan. Ummi takan biyo bayan ofis ta tsaya a ƙofa, ta ga uban nata ɗaure da bulo, ta juya ta goge ido. Rannan na kasa daurewa na ce, "Shu'aibu, bari in riƙe maka hannun kawai. Hannunka ne zai manna, ni dafawa zan yi."

Ya ce, "In ka dafa, na wa ke nan? Ciwon nan ya karɓe cokali, na bar masa. Ya karɓe maɓallin riga, na bar masa. Wannan ba zan ba shi ba, kai ma ba zan ba ka ba. Riƙe tebur in kana son lada."

Wata Talata da hantsi ya ce in je kasuwar Gudu in sayo masa goro, kuma kada in yi sauri. Na ce tun yaushe bawa ke aiken ubangidansa? Na dai tafi. Da na dawo na yi sallama, abin mamaki aka amsa nan take. Yana jingine da bango, rawani a kwance, riga sharkaf da gumi. Baƙar mota na kan tebur, an rufe ta, madubi na jikin gilashi. Na sunkuya na duba. A karkace yake, ya sunkuyar da kai ƙasa. Sauran goman nan duk a miƙe suke kamar soja.  Tun da na san Shu'aibu, ranar ce kaɗai tsokana ta zo bakina na haɗiye ta.

"Ba ka ce komai ba, Bazazzagi."

"Ya zauna," na ce.

"Ya zauna inda na ce ya zauna. Kira Ummi ta turo mota."

Bai yi gardama ba ko kaɗan, ya shiga bayan mota kamar oga, yana gyara wa direban Ummi riƙon sitiyari. Wata biyu ya yi a gidanta. Ranar wata Juma'a Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai Ummi ta zo kwashe ɗakin. Mutanen majalisa suka shigo taya ta, a nan suka ga madubin, a nan maganar nan ta samo asali. Ita ma ta ji. Da suka watse ta ɗauko baƙar motar ta same ni a ƙofar shagon Sunday. Ta ce, "Baba Ilu, ba na son a riƙa tuna shi da wannan. Ku buɗe ku miƙar da shi, ba wanda zai sani."

Na ce doka ta hana ni taɓawa, mai dokar kuma ya tafi bai janye ba. Amma kallo an yarda mini. Na ce ta ɗaga motar a rana. Na sa tabarau, na rufe ido ɗaya, na leƙa ta tagar direba, daidai inda kan direba zai kasance. Na dubi madubin. Wani ɗan shuɗin abu na gani a cikinsa. Na ɗauka idona ne, na goge na sake dubawa. Yana nan. Na leƙa ta tagar baya, sai ga shi a ƙasa tsakanin kujeru, an manna shi: dutsen adon nan da ya gurza, da ɗan murfinsa, da ɗan mariƙi na zare. Kwanon abinci.

Ni da na ce malamai ba su da abin koya mini, shekaru ina zaune a kujerar gaba, ina tsaye kuma aka yi maganar takalmin oga, ban taɓa haɗa biyu da biyu ba.

Na ce, "Ummi, zo ki zauna a kujerar babanki." Na nuna mata inda za ta sa ido. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kullum in na ɗaga kai sai in ga idonsa. Ya ɗaga mini gira, in sunkuya. Na ɗauka duk motoci haka suke."

Ta goge fuska da gefen mayafi, sannan hankalin ma'aikaciya ya dawo mata. Ta ce, "Damina na zuwa. In ya faɗo wa zai mayar da shi daidai haka?"

Sunday yana can yana goge katako, bai ɗago ba ya ce, "Ba za ta faɗo ba."

Muka dube shi.

"Ranar da ya aike ka goro, ya kira ni. Ya ce in kawo kokon nan nawa a murfi, in ajiye, in juya baya. Ya ce in na faɗa wa Bazazzagi, zai zo mini a mafarki da bulo." Ya hura ƙurar katako. "Na ce Baba ka tuba ke nan? Ya ce aro ba tuba ba ne. Sauran goma su faɗi, wannan ɗaya ba ta da izini."

Ummi ta fashe da dariya tana kuka. Ni kuwa na ce ban ji ba. Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya, Sunday kuma ta hagu yake tsaye. A rubuce a nan, ƙaro ne, wanda ke da ja ya je ya tambayi mai shi.

Saboda haka masu cewa hannu ya ci amanarsa, motar tana falon Ummi a cikin akwatin gilashi, na karɓo muku izini. Ku zo da tabaranku, ku rufe ido ɗaya, ku leƙa ta tagar direba. A kalla, kada a taɓa. Sauran tara ta raba wa 'ya'yanta da abokan aikinsa. Farar bas ni aka bar wa, da kwalinta da jan rubutunta. Tana kan tagata. Ruwan farko da aka yi shekaranjiya ban ji ƙas ba, domin ita kaɗai ce sufana ke riƙe da madubinta, sai na ji ɗakin ya yi mini shiru da yawa. Har yanzu in zan wuce tsohuwar ƙofarsa da hantsi nakan yi sallama. Na san halinsa, ba ya amsawa nan take.

Allah ka jiƙan bawanka Shu'aibu. Ya tuƙa bayinka shekara talatin bai zubar da kowa a hanya ba, kai ma kada ka sauke shi sai a ƙofar Aljanna. Ka tsayar masa da hannunsa, ka miƙa masa littafinsa a dama. Abin da ya bari a baya, wanda bai taɓa ɗauke ido daga kansa ba, ka ci gaba da duba masa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.